Yadda ake fitar da muryar ƙaramar amfilifayar jita mai kwalba

Wani ƙanen abokina da ke Mabera a Sakkwato ya yi wata shida yana tara kuɗi, ya aika Legas aka sayo masa 'yar amfilifayar jita mai kwalba, mai wat 5, wato na'urar ƙara wa jita murya da ke aiki da ƙananan kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila. Kwana uku da isowarta sai ga shi a ƙofar gidana da ita ɗaure a bayan mashin. "Yaya, wagga aba ba ta da murya," in ji shi. "Ko ka san mai saye?" Na ce mu shiga tukuna. Ina dubawa na ga mamurɗin ƙara yana kan 2, kuma ya ce a ƙasa yake ajiye ta, tana kallon idon sawunsa. Muka ɗora ta kan kujera, na murɗa ta zuwa 7, na rage ƙara daga jikin jitar, na miƙa masa. Har ya tafi bai sake ta da maganar sayarwa ba.

Abin da ya same shi yana samun kusan duk wanda ya taso da amfilifaya mai tiransisto, wato irin ta zamani da ba ta da kwalba. Ita waccan muryarta ɗaya ce tun daga 1, sai dai ta ƙara ƙarfi, har ta kai inda za ta fashe da kururuwa mara daɗi. Mai kwalba kuwa muryarta na canzawa yayin da kake murɗawa, kuma daɗinta yana wani ɗan tsakani ne, daidai inda sauti garau ya fara dishewa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta kai ka wannan tsakanin, a ɗakinka, da wutar garin nan da zafinsa.

Wat 5 ba kaɗan ba ne

Mutane kan ɗauka mai wat 50 ta ninka mai wat 5 sau goma a kunne. Lissafin kunne daban yake. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wanda da ƙyar za ka lura. Sai ka ninka wat sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sau biyu. Sifikar da ke ba da desibel 95 da wat 1 a nisan mita ɗaya, da wat 5 za ta kai wajen 102. A ɗakin siminti mai rufin kwano wannan ya isa maƙwabcinka na bayan katanga ya san waƙar da kake koyo, ya kuma isa ya lahanta maka kunne, domin daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana rage ji.

Amfanin ƙanƙantar shi ne kana iya matsa wa kwalbar har ta fara gurnani ba tare da ka tashi unguwa ba. Mai wat 50 sai a filin wasa za ka ji wannan muryar.

Kafin ka biya kuɗi

Irin waɗannan amfilifayoyi tsohon zubi ne. Kamfanin Fender ya fito da kakar ƙaramar amfilifayarsa mai suna Champ tun 1948, kuma har yau yawancin ƙananan da ake yi kusan tsarin nan suke bi: ƙaramar kwalba ɗaya a gaba, galibi 12AX7, wadda ke ɗaga siginar jita, sai babbar kwalba ɗaya, EL84 ko 6V6, wadda ke tura sifika. Masu araha da za ka iya cin karo da su sababbi ko na hannu akwai Epiphone Valve Junior da ta fito a 2005, da Bugera V5, da Vox AC4, da Blackstar HT-1 mai wat ɗaya tak. A shagunan Sakkwato da wuya ka tarar da su a jere. Yawanci sai an yi saƙo Kasuwar Alaba ko Sabon Garin Kano, ko wani ya taho da ita daga waje.

Abu na farko da za ka sa a duba maka, ko a turo maka hotonsa, shi ne rubutun bayanta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 suke sha. Idan ka soka irin wannan kai tsaye a soket, in ka yi sa'a fis ne zai tafi, in ba ka yi ba taransifomarta ce, kuma ita ce mafi tsada a jikinta. Ba laifi ka saye ta in ta yi araha, amma ka haɗa da sitef-dawun, na'urar rage bolt, mai ɗaukar wat 100 ko fiye, ka liƙa takarda a jikin fulogin don kada wani ƙanenka ya yi maka gwaninta.

Na biyu girman sifika. Mai inci 8 ta fi yawa a masu araha, muryarta tsaka-tsaki ce, ba ta da kauri sosai. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, kuma ƙaramar sifika a ƙaramin akwati ba ta iya fitar da wannan cikakke. Mai inci 10 ko 12 ta fi cika ɗaki. In kana da zaɓi tsakanin mai tarin mamurɗai da mai babbar sifika, ni dai babbar sifika zan ɗauka.

Na uku, in ta hannu ce, a kunna ta a gabanka ta yi minti goma sha biyar. Wasu cututtukan sai kwalba ta ɗauki zafi suke fitowa.

Wuta, sannan wurin zama

Muryar mai kwalba tana bin wutar da aka ba ta. Daren da wuta ta zo da rauni, fanka na juyawa kamar an tilasta mata, za ka ji amfilifayar ta yi laushi, ƙararta ta ragu, ta riƙa dishewa tun kafin lokaci. Kada ka fara zargin kwalba. Wuta mai yawa kuma tana gajarta rayuwar kwalbar. Saboda haka sitabilaiza ba ado ba ce a nan, ƙarama ma ta wadatar, domin amfilifayar ba ta fi cin abin da ƙwan fitila irin na da yake ci ba. A janareta, ka bari ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe amfilifaya kafin a kashe shi. Masu sola su lura da inbata: mai arahar nan da ba ta fitar da wuta sumul tana sa zuzar da babu mamurɗin da zai cire ta.

Sai maganar da ba na wasa da ita. Fulogin amfilifaya ƙafa uku gare shi, ta ukun ita ce wayar ƙasa. Gidaje da yawa an yi wayarin ba tare da an haɗa ta ba, wasu kuma sukan karye ƙafar don fulogi ya shiga soket. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da jikin amfilifaya. Idan ka ji ɗan cizo a yatsa ko a leɓe lokacin da ka kusanci makirfo, ajiye jitar, kira mai wayarin. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai danshi.

Wurin ajiyewa kuma yana canza sauti fiye da yadda ake zato. Kaifin sauti a miƙe yake fita daga tsakiyar sifika kamar hasken tocila. In tana ƙasa, gwiwarka ce ke jin kaifin, kai kuma kana jin dusashe, sai ka yi ta ƙara kaifi har wanda ke zaune a tabarma ya toshe kunne. Ɗora ta kan kujera ko benci, ko ka jingina ta baya ta kalli fuskarka. In ta yi maka siriri, matsa da ita kusa da kusurwar ɗaki, bango zai ƙara mata kauri. In ɗakin fayau ne yana amsa-kuwwa, shimfiɗa darduma a gabanta, labule da katifa ma suna taimakawa.

Bar mata taƙi ɗaya ko biyu tsakaninta da bango. Kwalba da zafi take aiki, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tana bukatar iska ta ratsa bayanta. Wani abin dariya: fankar sama tana sa sauti ya riƙa rawa, musamman in ka riƙe dogon sauti. Na taɓa kwana biyu ina neman cutar da babu ita, ashe fanka ce. Kashe ta na minti ɗaya ka saurara kafin ka kwance komai.

Neman bakin gaɓa

Tabbatar sifika a haɗe take kafin ka kunna. Mai kwalba in ta yi aiki babu sifika tana iya ƙona taransifomar da ke tura sauti. Mayar da ƙara sifili, soka wayar jita, kunna, ka ba ta minti ɗaya kwalaben su yi ɗumi.

Yanzu buɗe mamurɗan jikin jitarka duka zuwa 10. Mamurɗin da aka rubuta wa Tone a amfilifaya, mai ƙara ko rage kaifin sauti, sa shi tsakiya. In akwai Reverb, mai sa amsa-kuwwa, rufe shi tukuna, yana ɓoye gaskiya.

In amfilifayarka mamurɗin ƙara ɗaya gare ta, aikin da sauƙi. Kaɗa tsirkiya uku tare da ƙarfin da ka saba, kana murɗawa kaɗan-kaɗan. Da farko ƙara ce za ta riƙa hauhawa. Can za ka kai inda ƙarar ta kusa daina ƙaruwa, sai sautin ya fara kumbura, ya yi gashi-gashi a gefe, ya daɗe bai mutu ba. Tsaya nan, wannan ita ce gaɓar. A yawancinsu wannan wuri yana tsakanin 5 da 7, amma lambar ba ta da muhimmanci, ta danganta da ƙarfin jitarka da wutar ranar.

In kuma biyu ne, Gain da Volume, to ga inda mutane ke ɓata. Gain yana matsa wa ƙaramar kwalbar gaba, Volume yana buɗe wa babbar. Sabon shiga yakan cika Gain ya rage Volume, sai ya samu zuza siririya kamar ƙudan zuma a gwangwani, ya ce ai wannan ita ce muryar kwalba. Juya lamarin. Kai Volume 7 ko 8, Gain ya fara daga 2, ka riƙa ɗaga shi har ka iso gaɓar da na faɗa. Yanzu babbar kwalba da taransifoma da takardar sifika duk suna aiki tare, kuma a nan kaurin yake.

Ga gwajin da zai nuna maka ka iso. Lallaɓa tsirkiya a hankali: ya kamata ta fito garau. Dake ta da ƙarfi: ya kamata ta yi gurnani. In duka biyun garau ne, ƙara kaɗan. In duka biyun gurnani ne, ka wuce, dawo baya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ya san ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake kafawa a kan sandarta, wanda ke zuza in an daki tsirkiya, ya lafa in an sassauta. Makaɗin bai taɓa ƙarfen ba, da hannun da yake kiɗa yake sarrafa shi. Kunnen Bahaushe ya san daɗin wannan kaushin tun kafin lantarki ya zo, kuma shi nake nema a amfilifaya.

Akwai dalilin da ya sa kaushin waɗannan ƙananan bai cika ciwo a kunne ba. Da yake babbar kwalba ɗaya ce ke ɗauke da sautin gaba ɗaya, idan ta fara gajiya takan ƙara wa sautin wani ɗan'uwansa da ke kaɗawa ninki biyu, wato sautin nan dai amma a sama, kamar yaro ya bi babba a waƙa. Kunne yana jin wannan a matsayin cika. Kuma ba ta yanke kan sauti farat ɗaya, a hankali take danne shi, shi ya sa dogon sauti ke jan rai.

Da ka samu gaɓar, cire hannunka daga amfilifaya. Sauran aikin a jikin jita yake. Rage mamurɗin ƙarar jitar zuwa 6 ko 7, za ka ga sautin ya wanke tas, ƙarar kuma ba ta faɗi sosai ba. Nan za ka zauna lokacin rakiyar mawaƙi. In lokacinka ya zo, ɗan ƙaramin yatsa ya mayar da shi 10. Murya biyu ke nan ba ka sayi feda, 'yar na'urar canza murya da ake takawa da ƙafa, ko ɗaya ba.

Sai a dawo kan Tone. Kada ka daidaita shi da ƙaramar ƙara sannan ka buɗe, domin kunne ba ya jin kauri da kaifi sosai in sauti ya yi ƙasa, abin da ya yi daɗi a 2 zai yi tsini a 7. A daidaita shi a ƙarar da za a yi kiɗa. EL84 da ma tana da kaifi, ga ƙaramar sifika, ga bangon siminti, don haka sau da yawa ƙasa da rabi nake barinsa. 6V6 ta fi taushi, tana ɗaukar kaifi fiye da haka. In tsirkiya mai kauri tana sa sifika tusa, ba Tone zai gyara ba: rage Gain, ko ka sassauta hannu a kanta.

Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke kira fikof, shi ma da nasa. Siriri mai layi ɗaya ya fi haske, yana jinkirin kai amfilifaya gaɓa. Mai faɗi mai layi biyu ya fi ƙarfi, da wuri yake sa ta gurnani, sai ka rage mata. Samarin da ke son salon Agadas, irin na su Bombino da Mdou Moctar da ke shigo mana ta wayoyi daga Ƙonni da Illela, su kula da wannan: salon yana da gudu, yatsa na bugun tsirkiya yana sakinta, wata tsirkiyar kuma na amo a ƙasa ba ta tsayawa. Gain mai yawa yana dama su su zama kunu. Fikof siriri, na tsakiya ko na kusa da wuyan jita, da amfilifaya a daidai gaɓa ko ɗan ƙasa da ita, shi ke barin kowane sauti ya fito da ƙafarsa. Reverb kuma a ɗiga shi kamar gishiri, 2 ko 3.

In dare ya yi

Wasu suna da makunni a baya mai rage wat. Bugera V5 tana sauka daga 5 zuwa 1 zuwa 0.1, Vox AC4TV kuma daga 4 zuwa 1 zuwa kwata. Wannan yana barin kwalba ta yi aikinta, sai a shanye ƙarfin kafin ya isa sifika. A wat 1 muryar tana nan kusan yadda take. A mafi ƙanƙanta kuwa takan yi siriri, tunda sifikar da ƙyar take motsi. Ya isa koyo bayan isha'i, amma kada ka yanke wa amfilifaya hukunci da shi. In an kira salla dai kowa ya san abin yi.

Ƙugi, shuu da ƙara-ƙara

Ɗan ƙugi kaɗan halin masu babbar kwalba ɗaya ne, ba cuta ba. In ya yi yawa, zare wayar jita. Ya ɓace? To daga jita ko waya yake. Fikof siriri yana kwasar hayaniyar cajar waya, da fitilar da ba ta da kyau, da janaretan maƙwabci. Juya jikinka a hankali da jitar a rataye, za ka samu fuskar da ya lafa. Wayar jita mai araha ita ce ta fi kowa laifi, kuma ita ce mafi sauƙin canzawa. In kuwa ƙugin yana nan ba waya, a duba wayar ƙasa, sannan kwalba.

Ƙara-ƙara lokacin murɗawa ƙurar hunturu ce ta shiga. Kashe amfilifaya, murɗa mamurɗin gaba da baya sau ashirin. In bai bari ba, mai gyaran rediyo yana da feshin wanke shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka riƙa rufe ta da zane, amma sai ta huce.

In tana yin fito kamar usur ita kaɗai ko tana ƙara kamar an buga kofi, ɗauki fensir na katako ka ɗan ƙwanƙwasa kowace kwalba tana kunne. Wadda ƙwanƙwasarta ta fito da ƙarfi a sifika ita ce ta gaji. In ka ga farantin ƙarfen cikin babbar kwalba ya yi ja kamar garwashi, ba ɗan hasken tsakiyar nan da aka saba ba, kashe nan take. Kwalbar da samanta mai sheƙi ya koma fari kamar alli iska ta shige ta, ta mutu.

Canza kwalba kana iya yi da kanka: zare fulogi, bari ta huce, ja ta a miƙe kana ɗan girgizawa, ka dubi giɓin ƙafafun kafin ka soka sabuwa. Yawancin ƙananan nan suna daidaita kansu da sabuwar kwalba. Amma kwance ƙarfen da kayan ciki suke, a'a. Akwai kafasitocin da ke riƙe bolt ɗari biyu zuwa uku ko fiye bayan an zare wuta. Wannan aikin mai gyara ne, kuma tsofaffin da suka yi zamanin rediyo da talabijin mai kwalba sun fi yaran gyaran waya sanin kansa. Tunda kwalba ba a samunta a kusa, yawancin sababbi daga Sulobakiya da Rasha da Sin ake yin su, duk ranar da za ka yi saƙo ka haɗa da 12AX7 ɗaya da babba ɗaya na ajiya, da fis mai lamba daidai da na ciki. Kada a naɗa waya a madadin fis.

In kana son ƙari

Idan amfilifayar tana saurin gurnani kuma kai garau kake so, sauya 12AX7 da 5751 ko 12AY7. Ƙafafunsu ɗaya, amma 12AX7 tana ɗaga sigina sau 100, 5751 sau 70, 12AY7 wajen sau 40, sai gaɓar ta matsa gaba. Canjin da ya fi kowanne jin kunne kuwa sifika ce. In akwai ramin sifikar waje a baya, haɗa ta da akwati mai inci 12 ka ji yadda 'yar abar nan za ta girma. A dubi lambar om da ke jikin sifikar kawai, 4 ko 8 ko 16, ta dace da abin da aka rubuta a ramin. Sabuwar sifika kuma takan yi tauri, sai ta sha kiɗa na wasu makonni take sakewa.

Ranar biki

A fili, ga kalangu ga ganga ga jama'a, wat 5 ba za ta ratsa ba, kuma in ka cika ta zuwa 10 gaɓar ta tafi. Bar ta inda ka saba, ka sa makirfo a gabanta ya kai sautin manyan sifikun taron. Shure SM57 aka fi sani da wannan aiki, amma makirfon waƙa na hannu ma yana yi. Matso da shi har ya kusa taɓa ragar gaba. Daidai tsakiyar sifika ya fi kaifi, gefe ya fi taushi, ni nakan fara daga inda ƙullin tsakiya ya haɗu da takarda, in matsa da faɗin yatsa ɗaya-ɗaya. Ka roƙi mai kula da na'urar taron ya bar layinka ba ƙari ba ragi tukuna, kuma ka tabbatar amfilifayarka da na'urarsa daga wuta ɗaya suke sha, saboda ƙugi da cizon nan na leɓe. Nemo mata inuwa. In an tashi, ba ta minti goma ta huce kafin a ɗora ta a Keke Napep, kuma a kan cinya za a riƙe ta, ba a ƙasa kusa da ƙafa ba.